Ɗan ƙauye a CEG na Tawa: zai iya kuwa?

Hajiya, kin tambaya ko ɗan ƙanenki da zai zo daga ƙauye shiga CEG na gwamnati, wato kolejin da ake shiga bayan firamare, a nan Tawa zai iya gogayya da 'yan birni. Zai iya, amma ki sa ido a ajin farko, siziyam, don nan aka fi zubar da yara.

Ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da su ba, Faransanci ne. A firamare mushe, wato malami, ɗaya ya sani, yana ɗan fassara masa da Hausa. A koleji kowane darasi da malaminsa, ga Ingilishi ya shigo, kuma ana son maki 10 cikin 20 kafin ya wuce. Ajin ma cike yake, wanda ke zaune can baya ko allo ba ya gani sosai.

Na taɓa riƙe wani yaro haka. Sai da na lura yana kwafe komai tsaf a kaye, amma in ka ce ya bayyana, shiru. Kullum bayan isha'i muka riƙa karanta shafi ɗaya da ƙarfi, a ƙarƙashin fitila. Shekara huɗu bayan nan ya samu BEPC, takardar shaidar kammala koleji.

Ki rage masa aike da ɗibar ruwa da yamma, kuma kada ya fita da safe bai sha koko ba.