Amsa ga ƙanena ɗan Barcelona da abinci ya ƙi ciyuwa gare shi tun daren Talata

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce tun da Inter Milan ta fitar da Barcelona daga gasar Kofin Zakarun Turai daren Talata, 6 ga Mayu 2025, abinci ya fita ranka, barci ya ƙaurace maka, ka ƙi fita shago don gudun tsokanar 'yan Madrid, har kun yi cacar baki da amininka. Kana son sanin ko lafiyarka ƙalau, ko kuwa ka haƙura da kallon ƙwallo ka huta.

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ni ɗan Arsenal ne tun 1999 da Kanu ya zo, kuma washegarin naku PSG ta yi waje da mu a Faris. Bayan haka na daɗe ina riƙe da gidan kallo a Tudun Wada, nan Gusau, don haka fuskokin mutane bayan an tashi wasa ba baƙi ba ne a wurina.

Lafiyarka ƙalau. Irin rashin da kuka yi shi ne mafi ciwo, ya ma fi na 2020 da Bayern Munich ta zuba muku 8 da 2 a Lisbon. A wancan, tun kafin hutun rabin lokaci an san inda aka dosa, mutum ya samu sararin haɗiye abin a hankali. Na Talata kuwa sai da aka ɗora muku a hannu sannan aka fizge. An ci ku biyu, Eric Garcia da Dani Olmo suka farke, Raphinha ya ƙara ta uku a minti na 87. A lokacin benci ya ɗauki rawa a wurina, wani yaro ya cire riga ya fita titi da gudu, wasu har sun fara lissafin wasan ƙarshe a Munich. Yamal ya daki turke. Sai ga Acerbi, ɗan bayan Inter mai shekara 37 wanda ba aikinsa ba ne zuwa can gaba, ya farke a minti na 93. Da Frattesi ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci, ƙarar janareta kaɗai ake ji a ɓangarenku. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ya zauna a bencin gaba har muka kashe talabijin muka naɗe waya, hularsa a hannu yana murzawa, bai ce wa kowa uffan ba. Sai da na dafa kafaɗarsa na ce, "Malam, za mu rufe," sannan ya miƙe.

Ni ma ku kuka fara ɗanɗana min wannan, ranar 17 ga Mayu 2006, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin Arsenal da Barcelona. An ba Lehmann jan kati tun minti na 18, Sol Campbell ya ci da ka, muka riƙe da mutum goma har minti na 76 da Eto'o ya farke, Belletti ya ƙarasa mu. Haka kuma ranar 11 ga Fabrairu 2024 a Abidjan, a wasan ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Ivory Coast: Troost-Ekong ya sa mu gaba, Kessie ya farke, Haller ya ci ta biyu. Ranar babu ɗan Madrid babu ɗan Barsa, duk unguwar ce ta yi tsit.

Abin da nake son ka riƙe shi ne wannan. Ciwon da kake ji zai tafi da kansa, ba sai ka yi masa komai ba. Kwana kaɗan za ka ga kana cin tuwonka. Abin da ba ya tafiya shi ne wanda mutum ya aikata da bakinsa ko hannunsa a cikin zafin daren, kuma a nan nake ji maka tsoro.

Akwai wasu samari biyu da suka taso tare a layinmu, ɗaya Manchester United, ɗaya Liverpool. Tare suke zuwa a babur ɗaya, ɗaya ya biya kuɗin shiga, ɗaya ya sayi ruwa da rake. A Maris 2023 da Liverpool ta ci bakwai da nema a Anfield, tsokana ta fara kamar kullum, ana ɗaga yatsu bakwai ana dariya. Da abin ya ishi ɗan United sai ya bar maganar ƙwallo, ya gorantawa abokinsa wani bashi da mahaifinsa ya kasa biya, a gaban jama'a. 'Yan wasan da suka buga wasan nan da yawansu sun bar ƙungiyoyin, masu horarwar biyu duk sun tafi, amma waɗannan samari har yau iyakarsu gaisuwa daga nesa. Ina jin ciwon wannan fiye da duk wani ci da aka taɓa yi wa Arsenal.

Don haka maganar amininka ita ce ta fi gaggawa a duk abin da ka rubuta. Ka san Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Kar ka jira ya zo. Ka same shi wurin mai shayi, ka miƙa masa hannu, ka ce, "Kun ji daɗinku, Allah ya kai mu wasan Barsa da Madrid ranar Lahadi." Shago kuma ka buɗe gobe da sassafe. Na lura mai tsokana ɓuya yake nema. Wanda ya fito ya ce "an ci mu, Inter ta fi mu sa'a" ba a daɗewa a kansa. Wanda ya kashe waya ya kulle ɗaki shi ake ajiye wa hotuna a WhatsApp har mako ya zagayo.

In kana da iyali, kar ka shiga gida da wannan fuskar. Matar da ta ajiye maka abinci har ƙarfe goma sha ɗaya ba ita ta bar Acerbi shi kaɗai ba. Ka tsaya a waje ka sha iska, ka yi alwala, sannan ka yi sallama.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ni zan yi maka: ka sa kuɗi a wasan? In ka sa, to rabin abin da ke hana ka barci ba son Barcelona ba ne. Tun da caca ta shigo cikin waya, fushin da nake gani a gidan kallo ya canza kama. Da mutum kan fita yana zagin alƙalin wasa, yanzu sai ka ga yaro ya zauna yana kallon waya, gumi na karyo masa, don kuɗin balas ɗin mai babur ne ya tafi. Ga haramci, ga asara, kuma mai neman ramuwa a wasa na gaba shi ya fi nutsewa. Wannan kam ka bar shi yau, ba shawara ba ce ta "in ka ga dama".

Sai jiki. Ba a manta daren 7 ga Fabrairu 2024 ba, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, da aka soke ƙwallon Osimhen aka ba Afirka ta Kudu fenareti a ƙarshen wasa. Mun yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nwabali ya tare biyu, amma an rasa rayuka a gaban talabijin, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Likitoci a Munich sun bi diddigin masu ciwon zuciya lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka ga ranakun da Jamus ke wasa masu buƙatar agajin gaggawa sun ninka fiye da sau biyu. In kana jin ƙirjinka na ɗaurewa, ko kanka na sarawa lokacin wasa, ka je a auna maka jini. Dattawa masu hawan jini da ke zuwa wurina, in aka kai ga fenareti ni da kaina nake roƙonsu su fita waje, in an gama a faɗa musu.

Ka daina kallo? Ni ban ga dalili ba, muddin ba ya cin sallarka, aljihunka ko lafiyarka. Wanda ya rantse da zafin rai cewa ya bar ƙwallo, yawanci kaffara ce ke hawa kansa. Kuma ƙungiyar taku ba ta mutu ba: kun ɗauki Copa del Rey a hannun Madrid ranar 26 ga Afrilu 2025 da ƙwallon Kounde, a farkon Mayu 2025 kuna gabansu da maki huɗu a La Liga, ga Yamal da yana ɗan shekara 17 golan Inter, Sommer, ya sha wuya a hannunsa.

Ranar Lahadi, 11 ga Mayu 2025, kuna karɓar baƙuncin Real Madrid da rana. Ka ci abinci kafin ka fito, ka biya ka ɗauko aminin naka ku zo tare. Muna tsayawa sallar la'asar a hutun rabin lokaci, akwai buta da tabarma a bayan rumfa.