Tambaya da Amsa: Me ya riƙe rufin cocin Notre-Dame?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan cocin Notre-Dame na Faris da aka sake buɗewa a Disamba 2024. Bangon duk tagogin gilashi ne, ga rufin dutse can sama. Mu nan Kano, soro in zai yi tsawo sai an kaurara bango. Su me ya riƙe musu?
Daga wani magini a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ba bangon ne ke ɗauke da rufin ba, ginshiƙai ne. Wannan salo da ake kira Gotik ya fara fitowa sosai a cocin Saint-Denis kusa da Faris a 1144, Notre-Dame kuwa an aza harsashinsa a 1163, zamanin Bishop Maurice de Sully.

Maginan kan kafa katako mai siffar baka, su jera sassaƙaƙƙun duwatsu a kansa daga gefe biyu, su kulle da dutsen tsakiya, sannan su cike tsakanin bakunan da siraran duwatsu. Nauyi sai ya bi bakunan ya sauka kan ginshiƙai. In ka ɗaga kai a Gidan Makama za ka ga danginsa, sai dai bakan gizonmu, wato bakan da ke riƙe rufin soro, akwai azara a ciki mai jure lanƙwasa. Dutse kuwa danniya kawai yake jurewa, shi ya sa bakan dutse kullum yake tura bango waje.

Dabara biyu suka yi wa wannan turi. Sun tsinina kan baka, don mai tsini bai kai zagayayye turi ba. Abin da ya saura kuma suka tare shi da tokarar dutse daga waje, rabin baka da ke tsallake ƙananan ɗakunan gefe ya dafa kan ƙaton ginshiƙi. Da haka rufin ya kai wajen mita 33.

Inda ake samun matsala: kwaɓin farar ƙasa yana daɗewa bai kama ba, in aka yi gaggawar zare katako baka ya zauna. Tokara kuma in ba ta dafa daidai inda turin yake ba, bango ya buɗe. A cocin garin Beauvais, a Faransa, an kai mita 48, wani sashen rufin ya rufta a 1284. Ruwa ma abokin gaba ne. Waɗancan dodannin dutse masu buɗaɗɗen baki a gefen rufi indararo ne.

Gobarar 15 ga Afrilu 2019 ta cinye rufin katako da darma na Notre-Dame da ke saman rufin dutsen. Na dutsen ya tsaya, sai wuraren da hasumiyar tsakiya da manyan katakai suka faɗo suka huda.