Amsa: yadda waƙa ke zama ta ɗaya a shekara

Malam, ka tambaya ko waƙar da ta fi daɗewa a matsayi na ɗaya ita ce ke zama gwarzuwar shekara. Ba kullum ba.

Ɗauki jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, wanda aka fara a 1958. Kowane mako ana haɗa ciniki, da yawan sa waƙa a rediyo, da sauraro ta intanet. Ƙarshen shekara sai a tara makin makonnin duka. Shi ya sa a 2021 "Levitating" ta Dua Lipa ta zama ta ɗaya a shekara, alhali ko sau ɗaya ba ta wuce na biyu ba a jadawalin mako. Daɗewa ta yi a sama-sama, maki na taruwa. A 2019 kuwa "Old Town Road" ta haɗa biyun: mako 19 tana kan gaba, kuma ita ce ta ɗaya a shekara.

A Najeriya TurnTable ke wannan lissafi tun 2020. Sai dai ni ban ɗauke shi ma'aunin Sakkwato ba. Waƙar da mai cajin waya ya tura maka a mimori, ko aka watsa ta Xender, ko mai Keke Napep ke kaɗawa daga Kasuwar Daji har Gawon Nama, babu mai ƙirga ta.