Amsa ga mai tambaya kan kuɗin fanshon da ake yanka a albashi

Ƙanena da kake tambaya wai kuɗin da ake yanka maka duk wata da sunan fansho ina suke tafiya, kuma adalci ne ko cuta, bari in gaya maka abin da na gani tunda ni na riga na ajiye aikin gwamnatin tarayya.

Kafin 2004 ba a cire mana ko kwabo, gwamnati ce ke biya daga aljihunta. In ka cika shekara 35 a ba ka garatuti na albashin shekara uku a dunƙule, sannan fansho kashi 80 na albashinka har ka koma ga Allah. A takarda kenan fa. A zahiri tsofaffi ne a layin tantancewa cikin rana da fayil a leda, wani ya yanke jiki ya faɗi, kuɗin kuwa wasu sun yi sama da faɗi da su. Shi ya sa Obasanjo ya kawo tsarin karo-karo a 2004, aka gyara dokar a 2014 zamanin Jonathan. Yanzu kai ka ba da kashi 8 gwamnati ta ɗora kashi 10, a zuba a asusun ajiyar fanshonka da ake kira RSA a kamfanin fanshon da ka zaɓa, su riƙa juya kuɗin, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, na sa musu ido.

Ranar da ka kai shekara 60 ko ka cika 35 a aiki kada ka ɗauka za a miƙo maka duka, ina! Su za su buga lissafinsu su ba ka wani kaso, sauran kuma ko kamfanin ya riƙa gutsuro maka duk wata, in ka rasu abin da ya rage na magada ne, ko ka kai kamfanin inshora su biya ka iya tsawon rai amma bayan shekara goma in ka rasu magada ba su da komai. Ni na farkon na ɗauka saboda yara.

Batun adalci kuma, gaskiya kuɗin sun fi tsira daga ɓarayi, kana ganin alat, ko ka canza aiki asusunka na biye da kai. Amma ni dai ban kira shi adalci ba. Fanshon da aka tsayar min duk wata lokacin da na fita ya ishe ni cefane, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin nan ba sa kai ni tsakiyar wata, ga maganin hawan jini ga kuɗin makaranta, wato duk asarar faɗuwar naira a kan tsoho take sauka. Mu da muka fara aiki kafin 2004 kuma sai da muka jira gwamnati ta zuba haƙƙinmu na shekarun baya kafin a sakar mana ko sisi, albashi ya tsaya fansho bai fara ba, wani abokin aikina har motarsa ya sayar a wannan zaman jiran.

Kuma in tsarin na da daɗi haka me ya sa aka fitar da sojoji daga ciki tun 2011, 'yan sandan da suka yi ritaya kuma suke ta zanga-zangar su ma a cire su? Gwamna ya yi shekara takwas majalisar jiharsa ta yi masa dokar fansho har da gida da motoci, malamin asibitin da ya yi 35 yana ƙirga canji.

Kai dai tun yanzu ka riƙa karɓar sitatimen ɗinka kana dubawa, don akwai wuraren da ake yankewa ba a zubawa, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil da NIN da banki, harafi ɗaya sai ya sa ka yi ta safa da marwa. In kuma ma'aikacin jiha ne kai to nemi dokar jiharku, ba duka suka bi na tarayya ba.