Tambayi Likita: Injin Tsaga Katako a Gida da Hannun Mai Shi

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan mako sun taru a kan injin tsaga katako na tebur, wanda yanzu 'yan fansho da malaman makaranta da samari ke saya don yin benci da kanta da ƙananan kujeru a gida. Ni likita ne, aikin kafinta ba fannina ba ne, amma hannun da injin nan ya taɓa wurinmu ake kawo shi, don haka ina da abin faɗa.

Likita, na yi ritaya, ina son in sayi ƙaramin injin tsaga katako mai araha don ɗebe kewa. Me zan duba? (Wani dattijo, Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Baba, Allah ya sa albarka a hutun. Araha ba laifi ba ce, in dai ba kayan kariya aka cire aka rage kuɗin ba. Kafin ka tambayi ƙarfin injin, leƙa bayan faifan zarton. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ya kamata ya tsaya daf da bayan faifan, yana hawa da sauka tare da shi. Aikinsa hana katakon da aka tsaga ya sake haɗewa ya matse faifan. In katako ya matse, haƙoran baya su ke ɗaga shi su harbo maka shi a ciki ko a fuska, sau da yawa kuma su fizgi hannu zuwa kan faifai. Injin da ba shi da wannan ƙarfe, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Sai murfin roba mai nuna ciki da ke rufe saman faifai, da sandar tura katako. Ka kama ƙarfen da katako ke jingina da shi ka kulle, ka girgiza da hannu. In ya motsa, zai motsa a tsakiyar yanka.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne makunni. Nemi wanda in an ɗauke wuta yake kashe kansa, ba ya sake tashi sai an danna. Ka san halin wutarmu: a ɗauke, mutum ya sa hannu yana share garin katako, a dawo da ita ba sallama. In wanda aka taɓa amfani da shi za ka saya, duba rubutun jikinsa, domin na Amurka wutar 110 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Irin waɗannan injina kan ci wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Akwai samfurin SawStop da ke tsayar da faifai cikin ƙiftawar ido in ya taɓa fata, amma kuɗinsa ba na mai neman araha ba ne. Sannan Baba, a gwada idonka da hawan jininka a asibiti kafin ka fara.

In sa safar hannu ne lokacin yanka? (Ɗalibi, Rafindadi)

A'a. Haƙori ɗaya ya kama zaren safa, ya ja hannun gaba ɗaya. Cire zobe da agogo, naɗe hannun riga har gwiwar hannu, babbar riga kuwa a rataye ta a ɗaki.

Likita, ɗana mai shekara 19 yana koyon kafinta. Shekaranjiya injin ya yanke shi a yatsu biyu. Maigidansa ya zuba masa man birki, ya ɗaure da roba, ya ce ba sai an je asibiti ba, haka suke yi. Jinin ya tsaya, amma yatsa ɗaya ba ya lanƙwasuwa kuma hannun ya kumbura. In kai shi wurin mai ɗori? (Wata uwa, Daura)

Hajiya, ajiye wayar nan ki kai shi asibiti yau, kada ki bari a kwana. In har robar tana ɗaure, a can za a kwance ta, ki gaya musu tun yaushe aka ɗaura. Kada a kai shi wurin mai ɗori. Yatsan da ya ƙi lanƙwasuwa bayan yanka, mafi yawanci jijiyar da ke jan sa ce ta tsinke. Jijiyar nan kamar igiyar guga take, in ta tsinke ɓangare ɗaya yakan koma ciki, kuma ba kara ko shafe-shafen da zai haɗa ta. Sai an buɗe an ɗinke a ɗakin tiyata, kuma ɗinkin ya fi kyau a kwanakin farko. In aka yi makonni, aikin ya ƙara wuya, wani lokaci yatsan ya sandare ke nan. Za a kuma ɗauki hoto, domin zarto yakan ci ƙashi.

Batun man birki kuwa ya ishe ni. Man birki, baƙin mai, fetur, ruwan batir, toka, garin katako, ƙasa, kashin shanu, ba wanda ba a zuba wa ciwo a garuruwanmu. Wallahi babu magani ko ɗaya a cikinsu. Raɗaɗin da mutum ke ji har ya ce "yana aiki", naman da ke da rai ne ke ƙonewa. Jinin da ake cewa man ya tsayar, da an danne wurin da tsumma mai tsafta da ya tsaya da kansa. Mu kuma in an kawo, sai mun fara wanke man da tokar, mu yanke naman da ya mutu, kafin mu ga abin da ya rage na ɗinki. Yatsan da da za a ceto, sai a rasa shi saboda abin da aka zuba masa.

Ƙasa da kashin dabba su ne gidan ƙwayar tetanus, cutar sarƙe haƙora. Ba ta nuna kanta nan take. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21, ciwon ma ya fara rufewa, sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, jiki ya riƙa fizga, mutane su ce iska ce. Tana kisa. Duk wanda ya ji ciwo mai datti, kuma ya wuce shekara 5 rabonsa da allurar tetanus ko bai san ko an taɓa yi masa ba, yana bukatar allura. Ki tambaya da bakinki ko an yi masa.

Ga abin da ya kamata maigidan ya yi, kuma duk mai injin nan ya haddace. A kashe injin. A danne ciwon da tsumma mai tsafta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In jini ya ratso, a ƙara wani tsumman a kai. A zare zobe kafin kumburi. Kada a ɗaure gindin yatsa da roba ko waya, domin ɗaurin da aka bari sa'o'i yana kashe yatsa. In yatsa ya guntule, a ɗauko guntun, a ɗauraye shi a hankali da ruwa mai tsafta, a naɗe da tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle bakinta, sannan a sa ledar cikin kula mai ruwa da ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jiƙa shi cikin ruwa, kada a sa a firiza, kuma don Allah kada a yi gaggawar binnewa kafin likita ya gani. Kada mai ciwon ya ci ko ya sha komai, ƙila a shiga da shi tiyata. Ba kowane yatsa ake iya mayarwa ba, musamman na zarto da ke yaga nama, amma likita ne zai yanke wannan hukunci, kuma ko fatar guntun takan yi amfani wajen rufe ciwon. Sa'o'in farko su ne masu daraja.

Ku da ke Daura, ku fara da babban asibitin garin. In aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san kuɗin mota da na magani ba wasa ba ne a wannan lokaci, amma yaro ne da zai ci abinci da hannunsa har tsufa. In kika ga zazzaɓi, ko wari, ko yatsan ya yi baƙi, ko jan layi yana hawa damtse, ko cikin dare ne ku tafi.

Kunnena yana ƙara bayan na gama aiki, zuwa safe ya daina. (Malamin firamare, Ƙofar Marusa)

Malam, gargaɗi ne. Ƙarar da ta haura desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) tana cin ji a hankali, injin nan kuwa yakan kai wajen 100 yana yanka, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Auduga ba ta isa ba, sayi matoshin kunne na aiki. In ƙarar ta wuce kwana biyu, ko jin ya ragu a kunne ɗaya, ga likitan kunne da wuri.

Abokan aikina sun ce in na sha madarar gwangwani bayan aiki tana wanke ƙurar katako daga ƙirji. Gaskiya ne? Ina yawan tari da dare. (Matashi, Sabuwar Unguwa)

Ba gaskiya ba ne, ɗana, kuma wannan magana ta daɗe tana cutar da kafintoci da masu walda da masu fenti. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, hanyoyin ba ɗaya ba ne. Illar ita ce mutum ya sha madara ya ɗauka ya kare kansa, sai ya ƙi sa takunkumi. Garin da kake gani a ƙasa ba shi ne abin tsoro ba. Wadda ke yawo a hasken taga bayan an kashe injin, ita ce ke kaiwa can ciki. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci, ga masu shaƙarta shekara da shekaru. Katakon obeche da loko da ake kawo mana daga kudu an san su da tayar da asma, allon MDF kuma, wanda ake yi da garin katako da aka matse, ga ƙura mai laushi ga sinadarin gam.

Sayi takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 da ke kama fuska. Ƙyalle ko rawani ba sa tare wannan ƙura. Yi yankan a fili, nesa da inda yara ke wasa da inda ake girki, ka yayyafa ruwa kafin shara. Tarin dare da ke sauƙi ranar da ba ka yi aiki ba yana kama da asmar aiki, je a duba ƙirjinka. Tarin da ya wuce mako 2, ko da jini, ko rama da gumin dare, dole a yi gwajin tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada ka tsaya a kemis.

Likita, an ba ni maganin ƙarfe tun ina yaro, wuƙa ba ta kama ni. Murfin injin yana hana ni ganin layi, na cire. (Wani magidanci, Mai'adua)

Malam, mayar da murfin yau. Ba zan yi jayayya da kai kan abin da iyaye suka ba ka ba, amma ga lissafi. Faifai mai inci 10 da haƙora 40, in yana juyi 4,000 a minti, haƙora fiye da 2,600 ke wucewa a sakan ɗaya. Kafin zafi ya kai ƙwaƙwalwa ka janye hannu, ɗaruruwa sun riga sun bi ta wurin. A Amurka, inda injina ke zuwa da kariyarsu, mutum fiye da 30,000 ke zuwa asibiti duk shekara saboda wannan injin, kuma da yawansu tsofaffin hannu ne da suka saba har suka daina tsoro. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ba ka ma bukatar ganin layi: saita majinginar katako da awo, ita za ta riƙe maka layin. Ka sauke faifai ya ɗara kaurin katakon da kaɗan, ka tsaya gefe kada ka daidaita da faifan, ka tura siririn katako da sanda, kada ka yanka a sake ba jingina, kada ka miƙa hannu ta saman faifai ɗauko guntu. Zare filogi kafin canza faifai ko sharewa. Duk yankan da ya kai nama, asibiti.

Mai walda ya ce zai ɗaura min faifan zarto a injin goge ƙarfe na hannu, ya kafa a ƙarƙashin tebur, ya fi araha. (Daga Sandamu)

Kada ka yarda, ko da wasa. Ƙaramin injin gogen nan yana juyi wajen 11,000 a minti, ba ƙarfen baya, ba murfi, ba makunnin kirki. Raunukan fuska da wuya da yake yi suna cikin mafi muni. In kuɗin bai kai ba, kai katakonka 'yan katako su tsaga maka, ka ƙarasa da zarton hannu.

Ɗan guntun katako ya faɗa min a ido, matata ta ce a ɗiga nonon mai shayarwa. (Daga Ƙofar Sauri)

Kada a ɗiga nono, ko ruwan sikari, ko kwalli, kada a sa tsinke ko harshe, kuma kada ka murza. Wanke da ruwa mai tsafta mai yawa. In har yanzu kana jin abu, ko ganin ya dushe, ko haske yana damunka, rufe idon ba dannawa ka je sashen ido yau. Daga yanzu tabarau na aiki mai rufe gefe.

Ina da ciwon suga, ina shan magani, kuma a shago nake kunna janareta saboda ɓarayi. Zan iya aiki da injin? (Ɗan kasuwa, Katsina)

Alhaji, fitar da janaretan waje tukuna, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ga shi kuma tsaye kan faifai mai juyi. Game da suga, za ka iya aiki in yana daidai, amma ka ci abinci kafin ka kunna, in ka ji rawar jiki ko gumi ko duhu-duhu ka kashe nan take ka sha abu mai zaƙi. Da azumi, bar yanka da la'asar. Ranar da ka sha maganin mura mai sa barci irin su firiton, injin ya huta, masu shan tiramadol don ƙarfin aiki kuwa su nisance shi gaba ɗaya, haka mai farfaɗiya sai likitansa ya amince. Kada ka yi aiki kai kaɗai a rufe, a sami babba a kusa da ya san inda makunni yake. Ciwon mai suga yana saurin ruɓa, don haka ko ƙaramin yanka ne ka wanke da ruwa da sabulu, ka rufe, ka nuna wa ma'aikacin lafiya a ranar.