Haushin gori zai iya tashe ka, amma da sharaɗi

Ɗan'uwa, ka ce gorin zaman fadar shayi da kawunka ya yi maka a gaban mutane ya hana ka barci, kana tambayar ko haushin zai iya canza ka. Zai iya, in ka ba shi aiki tun da zafinsa. Gobe da safe ka sami mai walda ko tela a unguwarku ya ɗauke ka yaron shago.

Sai dai kada ka dogara da fushin, saurin hucewa gare shi. Na ga samari nan Maradi sun sha rantsuwa da dare, sati bai zagayo ba sun koma gindin butar shayi. Waɗanda suka ɗore akwai abin da ya ɗaure su, ko maigida mai jiransu da sassafe, ko zubin adashen jaka guda duk Juma'a.