Yarana na cin 'ya'yan itacen daji a ƙauye, yaya zan gane mai guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Ƙofar Kaura cikin birnin Katsina. Duk hutun makaranta nakan kai yarana uku wurin kakarsu a wani ƙauye bayan Daura, kan hanyar Mai'adua. Suna bin yaran gari tsince-tsince, su dawo aljihu cike da abubuwan da ni kaina ban san sunan wasu ba, don a birni na tashi. Maƙwabciyata ta ce duk abin da akuya ko tsuntsu ya ci mutum ma zai iya ci, kuma mai ɗaci shi ne mai guba. Haka ne? Ko in hana su fita gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki hana su. Amma maganar maƙwabciyarki ki ajiye ta gefe, don duka biyun ba su da tushe, kuma irin wannan zancen ne ke kai yaro asibiti.

Cikin akuya ba irin namu ba ne. Tana tuƙa, tumbinta kashi huɗu ne, kuma akwai ƙwayoyin halitta a ciki da ke rage ƙarfin wasu abubuwan da ɗan Adam ba zai jure ba. Da rani in abinci ya yi wuya za ki ga akuya tana figar ganyen tumfafiya, alhali ƙaron nan nata fari mai kama da nono yana ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, in ya shiga ido kuma yana iya ɓata gani. Tsuntsu shi ma sau da yawa haɗiye ƙwallo yake yi ya kasayar da shi lafiya lau, bai tauna ba balle gubar ta fito. Batun ɗaci kuwa, aduwa kaɗai ta isa ta rushe shi: zaƙinta gauraye yake da ɗaci, kuma kaka da kakanni ake tsotsarta. Bini da zugu kuma ƙwayarsa daɗi gare ta kamar gyaɗa, shi ya sa yaro ba ya tsayawa a guda ɗaya.

A shekarun da na yi ina aikin tsirrai a ƙauyukan arewacin jihar nan, abin da na lura shi ne yaron ƙauye ba ya ruɗewa a daji. Ya san kanya, ya san magarya, ya san kurna tun yana goye. Masu cutarwar kuwa yawancinsu ba can cikin daji suke ba. A bakin gida suke, jikin shinge, kan juji, cikin kango. Kuma wanda suka fi kamawa baƙo ne irin yaranki, ko ƙaramin da bai kai bin yayyensa ba aka bar shi yana wasa a bayan gida. Don haka da ni ne ke, da waɗannan zan fara koya musu kafin masu daɗin.

Bini da zugu, wasu su ce cin da zugu, shi ake dasawa a yi shinge da shi. 'Ya'yansa kore ne, in sun nuna su yi rawaya, su bushe su yi baƙi, a ciki a sami ƙwaya uku. Yaron da ya ci yakan fara amai da zawo da murɗar ciki cikin ɗan lokaci, abin tsoron kuma shi ne ruwan jikinsa ya ƙare. Na taɓa isa wani ƙauye na tarar da yara huɗu kwance rana ɗaya, iyaye suna ta zargin ruwan rijiya, sai da aka zazzage aljihun ɗaya daga cikinsu aka ga ɓawon. Ɗan'uwansa zurman, mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu da 'ya'ya masu ƙaya-ƙaya, ya fi shi muni in aka tauna ƙwayar. Idon zakara kuma, jan ƙwallon nan mai sheƙi da ɗigon baƙi wanda yara ke tarawa don kyansa, ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai tana iya halaka yaro, kuma alamunta kan yi jinkirin kwana ɗaya ko fiye, har a manta ya ci. Sai zaƙami, wanda ba ya buƙatar gabatarwa a ƙasar Hausa saboda ɓarnar da yake yi wa samari a wuraren biki. Furensa kamar kakaki, 'ya'yansa dunƙule da ƙaya. Wanda ya ci za ki ga baƙin idonsa ya buɗe, bakinsa ya bushe, jiki zafi ba gumi, yana surutai yana kama abin da babu. Sau da yawa akan ɗauka iskoki ne a tafi neman mai ruƙiyya, alhali asibiti ya kamata a nufa. Naman kaza mai fitowa da damina, wanda yara ke kira laimar kwaɗi, ki ce musu kada su taɓa ko wane iri ne. Ni da nake wannan aiki ban yarda da idona a kansa ba.

To, ga abin da za su ci hankali kwance. A hutun Disamba, lokacin hunturu, aljihun nan cike yake da aduwa da magarya da kurna da kanya da goriba. Magarya in ta bushe ana daka ta a yi tuwon magarya, abin marmarin da yaran birni da yawa ba su taɓa gani ba. Aduwa tana sakin ciki, yaro ya tsotsi uku ko huɗu ya isa, in ya zarce zai kwana yana zarya. Kanya kuma akasin haka, ɗanyarta bauri gare ta tana ɗaure ciki, sai ta yi laushi ta yi rawaya ake sha, kuma a tofar da ƙwallon. Goriba dai ƙasar Daura gidanta ne, illarta kawai ga mai haƙori mai girgiɗi. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono ya fi lemo yawan sinadarin bitamin C nesa ba kusa ba. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, suna saye da tsada a 'yan ƙananan leda, mu kuma muna barin sa yana zuba awaki na wasa da shi.

In hutun bazara ne, wajen Afrilu, ɗorawa ce ke tashe, da nunu, wato 'ya'yan ɗanya. Dogon hutun Agusta yana ƙarewa daidai lokacin da ɗinya ta fara baƙi. Tsada kuma ina son ki ja musu kunne a kanta: a tsotse naman mai tsami, amma kada a fasa ƙwallon a ci ƙwayar ciki, tana da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci.

Ganye shi ne inda na fi son mu tsaya, don da damina shi 'yan mata ke fita tsinka, kuma a nan ake samun kama da wane. Tafasa, gasaya, yaɗiya, lalo, karkashi, zaki banza, ɗinkin, duk abinci ne na gaske, su ne suka riƙe gidaje a watannin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba. Amma tafasa tana da 'yar'uwa, rai ɗore, sukan fito wuri ɗaya, furensu duka rawaya. Ki duba ganyen. Na tafasa guda shida ne a reshe, biyu-biyu sau uku, bakinsu a zagaye kamar cokali, kwafsarta siririya doguwa a lanƙwashe kamar lauje. Na rai ɗore sun fi yawa, galibi takwas zuwa goma, bakinsu da tsini kamar mashi, kwafsar a baje take, in kika murza ganyen kuma wari yake yi. Na san ana dafa rai ɗore a sha don zazzaɓi, ba zan shiga wannan gardamar yau ba. Ƙwayarsa dai kada yaro ya ci. Likitoci a arewacin Indiya sun gano cewa cin ta ne ke bayan wata cuta da ta riƙa kashe yaran karkara, tana lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Kuma duk waɗannan ganyaye dafa su ake yi. Gasaya da tafasa a tafasa su sosai a zubar da ruwan, a matse, sannan a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Wani abin da kakarsu ba ta sani ba a ƙuruciyarta shi ne feshi. Yanzu kusan kowace gona ana fesa maganin ciyawa, kuma tafasar da aka fesa jiya da yamma, da safe tana nan kore shar. Don haka ba a tsinkar ganye a gonar da ba a san mai ita ba, ko gefen gonar da ciyawarta ta fara yaushi babu dalili, ko bakin kwalta, ko inda ake zagayawa. Abin da aka tsinta a ƙasa a wanke.

Anza ma ta cancanci a ambace ta, tun da ƙauyen naku na kusa da iyaka ne. Ɗan ƙaramin itace ne da ba ya jin fari. Ƙwayarta, dilo, ita ta tsare rayuka a Maraɗi da Damagaram lokacin yunwar 2005, amma ɗanyarta guba ce, sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita sarai. Wannan aikin tsofaffin mata ne da suka san hannunsa, ba na yara ba.

Idan duk da haka yaro ya ci abin da ba a sani ba, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara ko jiƙo. Amai na dole yana iya shiga huhu, jiran a ga ko manjan zai yi aiki kuma ɓata lokaci ne. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure, a yanki reshen abin da ganye da 'ya'yansa a tafi da shi asibiti mafi kusa, ko da yaron yana wasansa. In yana amai da zawo kuma yana cikin hayyacinsa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a hanya. In ƙaron tumfafiya ko na aguwa ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a tafi.

Gaskiya ma, Hajiya, waɗanda na ga sun ji ciwo wajen tsince-tsince, faɗowa daga kan ɗinya da kanya da rotsen jifa sun fi guba yawa. Ba banza aka ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa ba, sai dai dutsen in ya dawo kan ƙanen da ke tsaye a gindi yake sauka. Su sa takalmi saboda ƙayar aduwa da kunama da kububuwa, kada su zura hannu a kogon itace, kuma kada su wuce inda ake hango gari. Da wajen Batsari ko Safana ko Jibiya kika ce, kusa da dajin Rugu, da ban ba ki shawarar su fita ba sam a halin da ake ciki.

Ranar da kika kai su, ki roƙi Inna ta zaga da ku bayan gida da jikin shinge, ke ma a ciki, ta nuna kowane tsiro da sandarta ta faɗi sunansa, yaran su maimaita. Ki ɗauki hoton kowanne a waya, ganye da fure da 'ya'ya. Wanda ita ma ta tsaya tana duban sa ba ta kira sunansa ba, ki turo mini hoton.